Shingen Da Na Sauke A Gaban Gawar Malam

Da sunan Allah nake buɗe baki, kuma abin da idona ya gani shi zan faɗa. Sunana Hajiya Tsahara, 'yar Damagaram, ina zaune a Vaulx-en-Velin a gidan ɗiyata. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ko sunana ban iya rubutawa. Jikata Rakiya ce ke zaune kusa da ni tana buga abin da nake faɗa a na'urarta, na kuma gaya mata kada ta gyara mini magana.

Ga abin da ya sa na ce a rubuta. Rakiya ta tafi suna a Villeurbanne, sai wata mata da ko sanina ba ta yi ba ta nuna ta da baki, ta ce wa ta kusa da ita, "Waccan ai jikar matar nan ce da ta tsare gawar mijinta a bakin layin dogo." Yarinyar ta dawo, ko takalmi ba ta cire ba.

"Kaka, gaskiya ne?"

Na ce, "Gaskiya ne, ƙawata."

"Gawar kakana? Kika tsare?"

"Da hannuna."

Ta zauna a hannun kujera. Can ta ce, "To don me? Aikin ma mene ne? Ɗaga sanda, sauke sanda. Yanzu ko mutum ba a sawa, na'ura ke yi."

Na ce, "Ɗauko abin rubutunki. Malam ya tafi, Alhaji uban ɗakinmu ya tafi, waɗanda suka tsaya a wurin ranar duk ƙasa ta rufe su. In na bi su ban faɗa ba, wannan sunan za ku gada, ke da 'ya'yanki."

Malam shi ne mijina. Sunansa ban taɓa kamawa ba yana raye, ba kuma zan fara yau ba. Leburan dogo ne. Su ke canja katakan da ake shimfiɗawa ƙarƙashin ƙarfe, su ke tura tsakuwa da shebur, su ke bin layi a ƙasa suna bugun ƙusoshi su ji wadda ta saki. Shi ya ɗauko ni daga gida ina amarya, ya kawo ni bayan garin Paris, ta can ƙasa da inda benayen Clichy-sous-Bois suke. Wani ɗan layi ne ke ratsa unguwannin nan, mutane na ce masa layin masu ƙwai, wai da can masu tallan ƙwai ke bi ta wajen zuwa birni. A zamanina ma'aikata yake ɗauka. Da safe taragu cike har ƙofa, mutum na barci a tsaye, da yamma ya maido su a gajiye. Layin ya bi ta tsakiyar gidaje, don haka titi bayan titi yana gittawa ta kansa, kuma kowace mahaɗa da ɗan gidanta da mai tsaronta. Yawancinsu mata ne, matan leburori.

Ta kusa da ɗakinmu Madam Odette ce, wata tsohuwar Bafaranshiya mai ciwon kafaɗa. Kullum ina tsaye a taga ina kallonta, don ba ni da kowa, ba na jin yaren kowa. Ran nan ta ɗaga kai ta yafito ni. Na sauka. Ta kama hannuna ta ɗora kan ƙarfen da ake murɗawa a sauke shinge, wanda muke ce wa manibel, ta ɗora nata a kan nawa, muka juya tare. Haka na fara koyo, ba magana, hannu kan hannu.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowane da ranarsa. Akwai ƙararrawa a jikin bango, wadda ke kaɗawa in jirgi ya baro tashar baya. Akwai manibel da sarƙarsa, wadda ke son mai kamar jariri; in kika bar ta ta bushe za ta ƙi miki a ranar da kika fi bukatarta. Akwai jar tuta a naɗe cikin kube, da fitila, da tarho na jikin bango. Akwai wasu 'yan gwangwanaye masu fashewa, kamar na man shafawa, da ake maƙalawa a kan dogo. In jirgi ya taka su suka fashe, direba ya san akwai bala'i a gaba. Sai wata ƙugiyar ƙarfe mai tsawo. Tsakanin dogo da kwalta akwai ɗan kwaroro inda bakin ƙafar jirgi ke bi. Motoci na tura duwatsu da laka cikinsa, sanyi kuma ya daskarar da su. Da ƙugiyar nan ake ƙwaƙule shi. Madam Odette ta sa na yi ta ƙwaƙular kwaroron nan wata da watanni kafin ta bar ni na taɓa manibel ni kaɗai.

Ranar da ta bar ni ɗin, ranar na samu tabon nan na wuyan hannuna. Rakiya ta sha tambayata ko wuta ce. Ba wuta ba ce, gaisuwa ce.

Alhaji Sani, ɗan kasuwa ne mutumin Maraɗi, shi ya sauki Malam ran da ya fara taka ƙasar nan, shi ya nemo mana ɗaki. Uban ɗakinmu ne, ya kuma girme mu nesa ba kusa ba. Ƙararrawa ta kaɗa, na kama manibel ina murɗawa, shinge ya zo rabi, sai na ji daga bayana, "Salamu alaikum! A'a, amaryar Malam ce? Ina wuni, ina gajiya?" Hausa ce, a bakin dogo, bayan na daɗe ban ji ta daga bakin kowa ba sai na Malam. Ban san lokacin da na saki ƙarfen na durƙusa ba. An taɓa gaida babba a tsaye, hannu na aiki? Shingen yana da nauyi a gindinsa, da na saki sai ya koma sama, manibel ya juyo da ƙarfi ya doke ni a hannu. Wani mai keke ya ga hanya ta buɗe ya danno kai. Madam Odette ta yi tsalle, da ciwon kafaɗarta da komai, ta cafke ƙarfen ta sauke, tana yi wa mai keken ihu. Jirgi ya wuce, iskarsa na kaɗa mayafina, ni kuwa ina durƙushe da jini a hannu.

Da yamma ta zo ɗakinmu, ta sa Malam ya fassara mini. Ta ce, "Gaya mata, daga lokacin da ƙararrawa ta kaɗa har tarago na ƙarshe ya wuce, ba ta da uba, ba ta da miji, ba ta da baki. Kowa ya yi mata magana, kada ta amsa. Amsawa ita ce farkon musu, musu kuma shi ne farkon buɗewa." Sai ta juyo gare ni ta ɗaga yatsa ta ce, "On n'ouvre pas." Ba a buɗewa. Shi ne Faransancin da na fara riƙewa.

Alhaji yana zaune yana shan shayi. Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "Tsahara, wannan ƙasa! Har gaisuwa tana karya hannu."

Malam ya ce, "Ai laifinka ne, Alhaji. Wa ya ce ka gaida soja yana kan aiki?"

Shekaru kaɗan bayan haka Alhaji ya maida kantinsa Lyon, ya aiko wa Malam cewa wani ƙaramin kamfanin dogo na neman mata da miji: miji kan layi, mata kan shinge, kuma da gida. Muka tattara muka taho. Layin ya taso daga Villeurbanne ya miƙe gabas, ta cikin masana'antu, ta cikin gonaki, har wuraren da ake fasa dutse. Gidan ɗan ƙarami ne, ƙofarsa na kallon dogo, manibel a bakin ƙofar. A bayansa da ɗan fili. Na shuka yakuwa ta yi, na shuka kuɓewa ta ƙi, kowace shekara ina sakewa tana ƙi. A gidan nan na haifi uwar Rakiya. Kukan jirgi bai taɓa tada ta daga barci ba. In ya yi jinkiri ne take farkawa.

Wannan layin ba ya ɗaukar mutane a lokacinmu, sai kaya: siminti, tsakuwa, ƙarafa. Amma tsofaffin unguwar in suna jiran shinge sai su jingina su ba ni labari. Wai da can ranar Lahadi taragu cike suke da iyalai da kwandunan abinci, ana fita ƙauye shan iska. Wai kuma taram, jirgin nan mai bin titi, na fitowa daga birni har garuruwan gefe, kafin motoci su yi yawa a tumɓuke shi. Wata rana da zafi Malam ya kai ni wani titi ya nuna mini inda kwalta ta narke, ga bayan ƙarfe na leƙowa. Ya durƙusa ya shafa shi. Ya ce, "Wani ya sha wuya ya shimfiɗa wannan, Tsahara. Dubi yadda aka binne shi da rai."

Kowace safiya zai ɗauki gudumarsa da ƙunshin abincinsa, ya tsallaka ta mahaɗar. In ce masa, "Allah ya kiyaye hanya." Shi kuma ba tare da ya waiwayo ba ya ce, "Ki kula da ƙararrawa." Ba mu taɓa canja ko kalma ɗaya ba.

Ku da kuke cewa ɗaga sanda ne da sauke sanda, ba ku san abin da ƙararrawa ke yi wa mutum ba. Ba ki zuwa kasuwa, ba ki zuwa barka, ba ki nisa da ƙofa. Tuwo nawa ya ƙone mini a kan wuta, Allah kaɗai ya sani. Wanka ma da kunne ɗaya a waje ake yinsa. Na taɓa aika Malam ya tambayo mini limami: in ina tsakiyar salla ta kaɗa fa? Ya aiko cewa in yanke, in sauke shinge, in dawo in sake. Ran mutum ba ya jira. Na yanke salla ba sau ɗaya ba, kuma ban taɓa yi zuciyata ba ta yi nauyi ba.

Sai masu jira. Jirgin kaya ba shi da sauri, kuma ta gabas da gidanmu layin ya yi kwana a bayan katangar wata masana'anta. Ƙararrawa za ta kaɗa, in sauke, mutane su duba hagu su duba dama, dogo fayau ba komai. Nan ake fara zagi. Mai burodi ya ce burodinsa zai huce. Ma'aikata kan mobilet, ɗan babur ɗin nan, su ce za a rufe musu ƙofa. Wani mai jar mota kullum sai ya sauke gilashi ya ce in koma ƙasarmu in tsare raƙuma. Ni dai ina tsaye da tuta a hannu, idona kan kwanar. In jirgi ya wuce na ɗaga, sannan bakina ya dawo, in gaida kowa, har mai jar motar. Da ya tsufa ya daina tuƙi, shi ke kawo mini tumatir daga lambunsa.

Aikin da ban manta ba shi ne na kamyon siminti, wata babbar motar kaya. Da hantsi ne, an kwana ana zuba dusar ƙanƙara. Na gama ƙwaƙule kwaroro ke nan, yatsuna sun mutu, kamyon ya hau kan dogo ya mace. Direban na ta murɗa makulli, sai ƙararrawa ta kaɗa. A irin wannan ba a tsayawa tura mota. Na sauke ɓangaren da zai sauku, na fizgi tuta da gwangwanayen nan na zuba a zane, na bi tsakiyar layi da gudu wajen kwanar. Gudu a kan katakan dogo ba kamar gudu a ƙasa ba ne, tazararsu ba ta dace da takun mutum ba, ga santsi. Takalmina ɗaya ya fita na bar shi. Na wuce katangar, na maƙala gwangwanaye kan ƙarfe, na ƙara gaba ina kaɗa tuta. Na ji ƙasa na rawa kafin na gan shi. Suka fashe, birki ya kama, ƙarfe na kuka kan ƙarfe, ya zo ya wuce ni yana jan jiki, ya tsaya kamyon na gabansa. Direban jirgin, Marcel, wani ƙato mai gashin baki, ya sauko ya bi layi ya tsinto mini takalmina, ya kawo da hannu biyu. Tun daga ranar, in zai wuce sai ya taɓa hularsa ya sa jirgin ya yi ɗan gajeren kuka. Abokin Malam ne kuma. Tare suke cin abincin rana a gindin katanga, yana cin yajinmu yana hawaye.

Sannan mummunar shekarar ta zo. Masana'antu suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, kayan da suka rage kamyo ke kwashewa. Jiragen suka ragu, suka kuma daina zuwa kan lokaci. Sai a wuni shiru, sai kuma a turo ɗaya ba zato. Wasu mutane suka zo da igiyar awo suna auna bakin ƙofata, ba su ce mini komai ba, amma na san na shinge mai sauke kansa ne. Ciyawa ta fara fitowa tsakanin tsakuwa, Malam na cirewa da hannu kamar gonarsa. A cikin sanyin shekarar tari ya kama shi. Ya ƙi zama. Ran da ya kasa ɗaga guduma aka kai shi asibiti, bai dawo ba. Ban kasance a kansa ba, ina bakin shinge. Wayyo Malam. Rakiya, bar shi a yadda na faɗa.

A ƙasar nan ba a binne mutum ranar da ya rasu. Sai takardu, sai akwati, sai an ba da lokaci a maƙabarta. Kwanaki gawa na jira, ran mazan duk ya ɓaci, don a wurinmu jinkirta mamaci abin kunya ne ga masu rai. Alhaji Sani ne ya tsaya kan komai, Allah ya saka masa. Shi ya ce kuma a biyo da motar ta hanyarmu, Malam ya wuce ta ƙofar gidansa sau ɗaya na ƙarshe, tunda mata ba sa bin gawa maƙabarta.

Ni na shiga takaba. Ina zaune kan tabarma a ƙuryar ɗaki, mata kewaye da ni. Kamfani ya turo wani mutum ya riƙe mini shinge kwanakin nan. Da rana ta take ya leƙo ya ce an gaya masa babu jirgi sai yamma, zai je ya ci abinci ya dawo. Ba a daɗe da tafiyarsa ba, ƙararrawa ta kaɗa.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Matar Alhaji ta riƙo mayafina tana cewa, "Ke Tsahara, ina za ki? Takaba fa kike!" Na zame. Na tsinci kaina a waje ba takalmi, manibel a hannuna. Ina cikin murɗawa na ɗaga kai, sai ga baƙar mota ta shawo kan titi a hankali, motocin mutanenmu a bayanta. Shingen ya sauka a daidai hancinta.

Aka buɗe ƙofofi. Alhaji ya fito da sandarsa, ya duba gabas, ya duba yamma. Dogo fayau.

"Tsahara, ɗaga. Malam ne."

Ban amsa ba.

"Ba ki ji ba? Gawa ce! An ba mu lokaci, in muka makara sai su ce a koma da shi. Babu komai a kan layin nan, kowa na gani."

Wani daga baya ya ce, "Ai an ce ba jirgi sai yamma. Ƙararrawar ce ta lalace."

Wani ya ce, "Subhanallahi, mai takaba a tsakar titi."

Alhaji ya matso har ina jin numfashinsa. Ya sassauta murya. "'Yata, ni ne fa. Ni na sauke ku a ƙasar nan. Mota ɗaya kawai, tasa. Sauran mu jira."

Wannan ita ce maganar da ta fi yi mini nauyi, don da gaskiyarsa ta wani gefen. Mota ɗaya, ƙiftawar ido. Na san kuma jirgin kaya na iya daɗewa bai ɓullo ba. Amma na san kwanar nan, na san kamyon da ya mace a wurin ba dalili, kuma a cikin baƙar motar ban da Malam akwai direba da limami, masu rai. In na buɗe baki zan ce masa "Alhaji, yi haƙuri," shi zai ce wani abu, ni in ce wani abu, kuma ban taɓa musu da shi na yi nasara ba. Hannuna zai bi bakina. Sai na dafe manibel da hannu biyu na kafa ido kan katanga. Dattijon da ya yi mana komai yana tsaye yana roƙona a gaban jama'a, ni ko kallonsa ban yi ba.

Ya ce, "To. Allah ya gani." Ya juya.

Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba. Ya daɗe. Har wasu suka fara cewa a juya a bi ta wata hanya. Sannan na ji shi a tafin ƙafata, ƙasa na rawa.

Jirgin tsakuwa ne aka turo ba zato, Marcel ke ja. Ya shawo kwanar, ya ga baƙar mota, ya ga mutanenmu da huluna, ya gan ni. Ya gane. Ya cire hularsa gaba ɗaya, ya rage gudu har ya koma kamar tafiyar mutum, ya sa jirgin ya yi kuka, ba ɗan gajeren nan ba, mai tsawo, bai saki ba har kan jirgin ya wuce mahaɗar. Taragu suka riƙa bi ɗaya bayan ɗaya, cike da irin tsakuwar da Malam ya ƙare ƙarfinsa yana turawa, a kan katakan da shi ya shimfiɗa.

Sai a lokacin na juya na dubi motar. Tana kusa da ni, in na miƙa hannu zan taɓa. Ta gilashin baya ina ganin akwatin. Ba a bar ni na je asibiti ba, ba zan je maƙabarta ba, amma ga shi an tsayar mini da shi a bakin ƙofarmu, a wurin da yake tsallakawa kowace safiya. Na tsaya da shi har tarago na ƙarshe. Sannan na murɗa manibel, shinge ya tashi, bakina ya dawo. Motar ta motsa. Na ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Na tsaya ina jiran amsar. Har yau ina jira.

Sun samu maƙabarta a buɗe, an binne shi a ranar. Amma maganar ta riga ta fita, kuma wadda ta fita ba ta ɗauki jirgin ba. Abin da aka riƙe shi ne mai takaba ta fito titi, ta tsare gawar mijinta, ta yi wa Alhaji Sani banza. Aka kai ta Paris, aka kai ta har gida. Wasu matan suka daina zuwa. Alhaji ya ci gaba da aiko mana da shinkafa da mai, amma ƙafarsa ba ta ƙara taka gidan ba, in zai je gabas ma ta wata hanya yake bi.

Kafin shekara ta zagayo aka kafa shinge mai sauke kansa, aka ce in bar gidan. Ranar tashi, motar kayan Alhaji ce ta zo, shi da kansa a gaba. Ana loda kaya yana tsaye yana kallon inda aka cire manibel, ramukan ƙusoshi kawai suka rage. Na durƙusa na gaishe shi, doguwar gaisuwa, har da ta ranar da ban yi ba.

Ya ce, "Tsahara, jirgin na gan shi da idona, ba sai an gaya mini ba. Amma har gobe ina cewa da kin amsa mini, ko da kalma ɗaya."

Na ce, "Alhaji, da na amsa da na ɗaga."

Ya dubi wuyan hannuna. Ya ce, "Hannun ya warke?"

Na nuna masa tabon. Ya girgiza kai ya ce, "Shiga mota." Iyakar abin da muka taɓa faɗa a kai ke nan har ya koma ga Allah.

Bayan nan na yi shara a ofisoshi har ƙarfina ya ƙare, amma wannan ba sana'ata ba ce, ba kuma zan ba da labarinta ba. Layin ya mutu gaba ɗaya. Na kan hau bas in je in tsaya. Ƙarfe ya yi tsatsa, itatuwa sun fito a tsakiya, an rushe gidan, yakuwata ta koma daji. Sai kuma aka zo aka tumɓuke komai aka shimfiɗa sabo, yanzu taram ke bi, mai gilashi, ba ƙara, cike da 'yan makaranta da kunnuwansu a toshe. An ce na Paris ma haka aka yi masa. Malam bai ga an tono abin da aka binne ba. Da ya gani da ya durƙusa ya shafa. Rakiya ta taɓa ɗaukata muka hau, muka wuce ta daidai ƙofar gidanmu, ban ce mata komai ba, ita kuma tana duba wayarta. Akwai shinge a wurin har yanzu, da 'yar ƙararrawarsa. Ba mai gaida kowa in ya tashi.

To, ƙawata, kin ji. In matar nan ta sake nuna ki, kada ki yi faɗa da ita, kada kuma ki ce ƙarya ne. Ki ce, e, kakata ce, kuma akwai jirgi.

Saura abu ɗaya, ki rubuta shi da kyau ki nuna wa uwarki. An kama mini wuri kusa da Malam. Ranar da za a kai ni, a bi da ni ta hanyar nan, ko da ta fi nisa. In Allah ya sa muna isowa ƙararrawa ta kaɗa, kada wanda ya yi tsaki, kada wanda ya ce a juya. Ku kashe mota ku jira har jirgin ya wuce. Malam ba zai ce na makara ba. Shi ya ce in kula da ƙararrawa.